Baba da Inna za su yi kwana 12 a jirgin ruwa na alfarma: me ya kamata mu shirya musu?

ƊanBirni

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na alfarma, ko suka san yadda al'amarinsu yake. Yayanmu da ke zaune a Ingila ya biya wa Baba da Inna kuɗin tafiya ta kwana 12 a jirgin Queen Victoria na kamfanin Cunard cikin watan Nuwamba, kuma shi da matarsa za su raka su. Jirgin zai tashi daga Sautamton, tashar ruwa a Ingila, ya tsaya a tsibirin Madera, ya bi ta tsibiran Kanari, ya ratsa Lisbon, sannan ya koma inda ya fito. Baba ya haura shekara 70, yana fama da ciwon sukari, kuma ban da tekun Jidda da ya hango ta tagar mota lokacin aikin hajji, ruwa mafi girma da ya sani shi ne kogin Isa a Yamai. Ni aka ɗora wa haɗa kaya da takardu a nan Damagaram. Abin da ya fi damun Baba shi ne an ce masa akwai darare da ba a shiga ɗakin cin abinci sai da kwat baƙa da ɗaurin wuya, shi kuwa ya rantse ba zai ajiye babbar rigarsa ba. Ita Inna damuwarta salla da abinci. Don Allah duk mai wani sani ya taimaka.

TsohonMaiHidima

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya saka wa yayanku da alheri, domin ya yi abin da ɗa nagari yake yi. Na yi shekara tara ina aikin hidimar ɗakuna a jiragen fasinja da ke tashi daga Marseyi ta Faransa kafin in dawo gida, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani. Ka kwantar wa Baba da hankali a kan maganar riga. Gaskiya ne jiragen Cunard suna riƙe da tsohuwar al'ada, ta yadda daga ƙarfe 6 na yamma ake son kowa ya kintsa, kuma a tafiya irin tasu za a yi daren kwalliya biyu ko uku, inda maza ke sa kwat baƙa, mata su sa dogayen riguna. Amma a irin waɗannan darare ana karɓar tufafin girma na ƙasar mutum, shi ya sa za ka ga ɗan Sikotland da ɗan zanensa mai gida-gida, ka ga Ba'indiya da sarinta. Babbar riga ta shadda mai aiki, da hula da takalmi rufaffe, ta cika sharaɗi har ta yi saura. Abin da ba a so shi ne gajeren wando, da silifa, da rigar wasanni.

Gargaɗina ɗaya ne game da rigar, kuma ba na kwalliya ba ne. Matakalan jirgi suna da yawa, kuma jirgi yana tangaɗi, to dattijo mai babbar riga ya naɗe hannuwanta bisa kafaɗa kafin ya hau ko ya sauka, hannu ɗaya kuma kullum yana kan ƙarfen riƙo. Idan zai fita barandar waje, ya sa kaftani kawai, domin iskar teku tana cika babbar riga kamar tanti, hula kuwa idan ta tashi ta tafi ke nan.

UwarBiyu

Ina goyon bayan Malam TsohonMaiHidima. A kai shaddojin wurin masu bugu tun a nan, a ninke su da takarda a tsakani, kada a dogara da guga a can. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba saboda tsoron gobara. Akwai ɗakin wanki na fasinjoji mai injin wanki da dutsen guga, amma shadda mai tsada ba abar jefawa cikin inji ba ce.

Akawu_KasuwarDole

Kafin a kai ga riga, a fara da takardu, domin su ne ke hana mutum hawa jirgi yana tsaye a bakin tasha da akwatinsa. Mai fasfon Nijar yana buƙatar biza iri biyu a wannan tafiya. Ta farko ita ce ta Ingila, kuma dole ta kasance mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, tunda za su shiga ƙasar da jirgin sama, su fita da jirgin ruwa, su sake shigowa. Ta biyu ita ce bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, domin Madera da Lisbon na ƙasar Fotugal ne, tsibiran Kanari kuma na Sifaniya ne, duk da cewa sun fi kusa da gaɓar Maroko. Ita ma a nemi mai shiga da yawa. Kada wani ya ce ai Baba zai zauna cikin jirgi ba zai sauka ba, don haka ba ya buƙatar biza, domin tun ranar hawa ake duba takardun kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, kuma wanda takardunsa ba su cika ba, ba a mayar masa da kuɗinsa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla bayan ranar dawowa, a haɗa da katin rigakafin ciwon shawara a cikin jaka ɗaya.

Sai maganar lokaci. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga can kuma sai an sauya jirgin sama a wata ƙasa kafin a isa Landan. Dattawa su isa Ingila da kwana uku ko huɗu kafin ranar tashi, su huta a gidan ɗansu, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin samansa ya makara.

ƊanBirni

Na gode, Malam Akawu. Bizar Ingila ta fito, ta Shengen ce muke kai yanzu, kuma sai da na karanta bayaninka na koma na duba takardar neman, na ga an cika ta a kan shiga sau ɗaya. Gobe da safe zan kira Yaya a gyara.

Bamagariye

Ni abin da na ji shi ne waɗannan jirage kwana bakwai suke yi ba a ganin ƙasa, kuma kullum sai an sauya agogo. Anya dattijo mai ciwon sukari zai iya da wannan rikicin lokaci?

TsohonMaiHidima

Malam Bamagariye, wannan da ka ji labarin Queen Mary 2 ne, babban jirgin kamfanin, wanda aka ƙera a Sen Nazer ta Faransa, ya fara aiki a 2004, tsawonsa mita 345. Shi ne ke ratsa tekun Atlantika tsakanin Sautamton da Niu Yok a dare bakwai, kuma da yake tazarar awa biyar ce tsakanin garuruwan biyu, ana gyara agogo da awa ɗaya har sau biyar a kan hanya. Queen Victoria ya fi shi ƙanƙanta, tsawonsa mita 294, yana ɗaukar fasinja wajen 2,000, kuma ya fara aiki a 2007. A hanyar da su Baba za su bi babu wannan wahala, domin Ingila da Madera da Kanari da Lisbon duk agogonsu ɗaya ne, kuma a watan Nuwamba awa ɗaya kawai suke bayan agogon Nijar. Lokacin shan maganinsa ba zai rikice ba.

Inda za a ji jiki shi ne kwana biyun farko da na ƙarshe, lokacin da jirgi ke ratsa mashigin Biskay, tsakanin Faransa da Sifaniya, wanda ya yi suna da igiyar ruwa, musamman da kaka da hunturu. Don haka a duba inda ɗakinsu yake. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa ya fi kwanciya, na can gaba ko na can sama kuwa shi ya fi jin kowane motsi, kamar bambancin mai zama a tsakiyar motar safa da mai zama a kujerar baya a hanyar Tanut. Sau da yawa ɗakunan sama ne suka fi tsada, sai ɗa ya ga ya kyautata wa iyayensa ya saya musu can, alhali ya kai su inda jiri ya fi kama mutum. Idan da sauran hali, a nemi na tsakiya kusa da lif, don Baba kada ya riƙa doguwar tafiya kafin ya kai ɗakin cin abinci.

MalamarAsibiti

Ina so in tsaya a kan lafiyar Baba, domin aikina ke nan. Magungunansa duka su kasance cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunayensu, kuma a ɗauki na kwana goma fiye da kwanakin tafiyar. A saka su cikin jakar hannu, ba cikin babban akwati ba, saboda ranar hawa ana karɓar akwatuna a bakin tasha, ba sa isa ƙofar ɗaki sai bayan awoyi. Idan allurar insulin yake yi, a sanar da kamfanin tun yanzu, a ba shi mazubin allurai, a kuma tabbatar da wurin sanyi. Ƙwayoyin da ake saya a hannun masu talla, marasa kwali marasa takarda, a bar su a gida, domin wasu daga cikinsu laifi ne shiga da su Turai.

Game da jiri da amai, akwai ƙwayoyi, akwai kuma wani ɗan manne da ake liƙawa a bayan kunne, amma ba kowane tsoho ya dace da shi ba, domin yana iya rikita tunanin dattijo, yana kuma cutar da mai hawan jinin ido ko mai wahalar fitsari. A kai Baba ga likitansa kafin tafiya, shi zai zaɓa masa. Citta tana taimakawa, haka nan fita sarari a zuba ido can inda ruwa ya haɗu da sama, maimakon kwanciya a rufaffen ɗaki. Haɗarin mai ciwon sukari shi ne ya sha magani sannan amai ya hana shi cin abinci, sukari ya faɗi, don haka na'urar awonsa da ɗan abin zaƙi kada su rabu da aljihunsa. Sai kuma tarkon da ba a cika tunawa da shi ba: abinci a waɗannan jirage ba ya yankewa, kuma da ƙarfe 3 da rabi na la'asar ana zaman shan shayi a babban zaure, ma'aikata da fararen safar hannu suna zagayawa da kek da burodi mai zaƙi. Ya je ya sha shayinsa ya ga al'adar, amma Inna ta sa ido a kan farantinsa.

Akwai asibiti da likita a cikin jirgi, sai dai ba kyauta ba ne, kuma kuɗinsa mai nauyi ne. Inshorar da ake nema don bizar Shengen, wadda dole ta kai yuro 30,000, sau da yawa ba ta ɗaukar nauyin jinya a teku, ko sauke maras lafiya a wata tasha, ko tsohuwar cuta da ba a bayyana ba. Yayanku ya sayi inshorar da aka rubuta tafiyar jirgin ruwa a cikinta ƙarara, ya kuma bayyana ciwon sukarin, ko da kuɗin zai ƙaru. A ƙarshe, wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci, domin cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda mutane dubu biyu ke taɓa ƙarfen matakala ɗaya, kuma ruwan shafawan nan ba ya kashe ƙwayarta kamar yadda sabulu ke wanke ta.

MalamNaMiriya

Ina neman afuwa idan maganata za ta yi nauyi, amma ba zan ɓoye abin da ke raina ba. Wuri ne da ake shan giya a fili, akwai ɗakin caca, akwai raye-raye. Shin ya dace a kai dattawa masu mutunci irin wannan wuri har kwana 12? Kuɗin nan da an kai su umra da shi, ai da ya fi.

ƊanBirni

Allah gafarta Malam, maganarka tana kan hanya, kuma shi kansa Baba ya faɗi makamanciyarta. Sun yi hajji, sun yi umra sau biyu, duka Yaya ne ya biya. Wannan karon so yake ya zauna da su wuri ɗaya ba tare da aiki ya raba su ba, domin rabon da ya kwana goma a jere da su ya fi shekara goma sha biyar. Abin da nake nema shi ne yadda za su kiyaye addininsu a can.

HajiyaZango

Malam NaMiriya, ni na yi irin wannan tafiya da ɗiyata shekarun baya a wani jirgi na daban, kuma ina shaida maka cewa jirgin gari ne guda, kowa da unguwar da yake zuwa. Ban taɓa taka ɗakin caca ba, ba kuma wanda ya ce in taka. Da asuba bayan salla nakan fita baranda da carbina, babu kowa sai ma'aikata masu wanke daɓe, ruwa ta ko'ina har iyakar gani, rana tana fitowa daga cikinsa ja wur. Mu da muka tashi a garin da ake bin layin famfo da jarka tun tsakar dare, ganin wannan ruwa yana sa mutum tasbihi ko bai shirya ba.

Ɗana ƊanBirni, ga abin da za ka faɗa wa Inna. Ta tafi da butarta ta roba da dardumarta, domin ba za ta samu buta a can ba. Banɗakin ƙarami ne, kuma idan daɓensa ya jiƙe yana santsi, to ta yi alwala a wurin wanka, ta shimfiɗa tawul a ƙasa kafin ta fito. Ruwan famfo mai tsabta ne, ana sha. Kada a jefa komai cikin masai ban da takardar da suka ajiye, saboda da iska yake zuƙa, abu kaɗan ke toshe shi har ya shafi maƙwabta.

Abin da ya ba ni ciwo, kuma laifina ne na rashin tambaya, shi ne turaren wuta. Na tafi da kaskona da garwashin kanti da turare mai kyau da na haɗa da hannuna, aka gan su a na'urar duba kaya aka riƙe kaskon da garwashin har ranar sauka. Babu abin da ake tsoro a jirgi kamar wuta, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Inna ta turara kayanta tun a gida, ta ɗaure su cikin leda, ta tafi da humra da turaren shafawa. Haka Baba, idan mai shayin gargajiya ne, ya bar ɗan murhunsa a gida.

MalamNaMiriya

Hajiya, na ji bayaninki, kuma na karɓi uzurin ɗa mai son zama da iyayensa, ko da yake ra'ayina game da wurin bai sauya duka ba. Tunda tafiya ta tabbata, bari in ba da abin da nake da shi. Matafiyi a teku matafiyi ne, yana da sauƙin ƙasaru a salloli masu raka'a huɗu. Ana fuskantar alƙibla a jirgin ruwa, idan jirgi ya juya a cikin salla mutum ya juya tare da alƙibla gwargwadon iko, kuma wanda tangaɗi ko jiri ya hana shi tsayuwa ya yi a zaune. Lokutan salla kuwa da rana za a bi, ba da jadawalin Damagaram ba. Kakanninmu da suka tafi hajji ta ƙasa, suka bi ta Chadi da Sudan har Suwakin, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, da waɗannan hukunce-hukunce suka yi aiki. Kakana ya yi wannan tafiya, kuma har ya rasu yana ba da labarin daren da suka kwana a kan Bahar Maliya.

Injiniya_Gure

Ƙarin bayani a kan alƙibla, domin allurar da ke cikin waya tana ruɗewa a cikin jirgi saboda ƙarfen da ya kewaye ta. A talabijin ɗin ɗaki akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa. Daga Sautamton alƙibla tana kudu maso gabas, idan an gangara wajen Kanari kuma ta koma gabas kusan sak. Ma'ana, a tafiyar zuwa, da jirgi ya miƙa kudu, alƙibla tana wajen hannun hagu ga mai kallon goshin jirgi, a dawowa kuma tana hannun dama. A tasha jirgi yana iya tsayawa ta kowace fuska, to nan sai a duba rana ko a tambayi teburin karɓar baƙi ina gabas take. Sannan a sayi ɗan mahaɗin soket, domin a ɗakunan akwai soket irin na Ingila da na Amurka, waɗanda cajar da muke amfani da ita a nan mai ƙafa biyu zagayayyu ba za ta shiga ba.

UwarBiyu

Ba a amsa maganar abinci ba har yanzu, kuma ita ce rabin damuwar Inna.

TsohonMaiHidima

Gaskiyarki, Hajiya. Yayanku ya rubuta wa kamfanin tun yanzu, makonni kafin tafiya, cewa mutum biyu ba sa cin alade, ba sa cin abin da aka dafa da giya, kuma suna neman naman halal, ya nemi amsa a rubuce. Daren farko kuma ya je da kansa wurin shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci ya maimaita. Abin da aka saba yi wa mai buƙata ta musamman shi ne a kawo masa takardar abincin gobe tun yau, ya zaɓa, a dafa masa nasa daban. A kula da miya da kayan zaƙi, domin girkin Turawa yana yawan shigar da giya a romon nama da cikin kek, inda ido ba ya gani. Kifi da ƙwai da shinkafa da kayan lambu kullum akwai. Idan sun tarar da kwalbar maraba a ɗaki ranar hawa, su ce wa mai hidimar ɗaki ya ɗauke ya kawo ruwan ƴaƴan itace, ba wani abin jin nauyi a ciki.

A waɗannan jirage darajar ɗakinka ita ke nuna inda za ka ci abinci. Yawancin fasinjoji a babban ɗakin da ake kira Britannia suke ci, sunan jirgin farko na kamfanin ke nan, wanda ya fara ratsa Atlantika a 1840, masu manyan ɗakuna kuma suna da nasu wuraren. A Britannia akwai zaman farko wajen ƙarfe 6, da na biyu wajen 8 da rabi. A Nuwamba rana tana faɗuwa a Kanari wajen ƙarfe 6, wato zaman farko yana karo da magariba, na biyu kuma ya yi dare ga mai ciwon sukari. Ni da zan zaɓa, sai in nemi tsarin da ba a ƙayyade lokaci ba, su yi salla sannan su sauko wajen 7. A kuma nemi tebur na mutum huɗu, su kaɗai, domin idan ba a nema ba ana iya haɗa su da baƙi shida masu Turanci. Daren da Baba bai ji daɗin kintsawa ba, akwai wurin ɗibar abinci da kanka a hawa na sama, ko a kawo musu ɗaki.

HajiyaZango

A nan na saɓa da kai kaɗan, Malam. Ni an haɗa ni tebur da wata tsohuwa da mijinta, ba mu jin harshen juna sai abin da ɗiyata ta fassara, amma kafin mu rabu matar ta koyi ɗaurin kallabi a hannuna. Kada a killace dattawan gaba ɗaya. Baba da ke jin Faransanci zai samu abokin hira.

Bamagariye

To a haɗa musu da kilishi da yaji ko dambun nama, saboda ranar da abincin Turawa ya gundure su.

Akawu_KasuwarDole

A'a, Malam Bamagariye, kilishi da dambun nama ba za su wuce filin jirgin sama ba. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara, busasshe ne ko ɗanye, ana ƙwacewa, ana kuma iya cin tara. Garin yaji a rufaffen mazubi ya wadatar.

Bari in ƙara da maganar kuɗi, domin a nan ake shan mamaki ranar sauka. Ba a ciniki da tsabar kuɗi a cikin jirgi. Kowa ana ba shi kati ɗaya, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma ake miƙawa a sayi komai, a rubuta bashi a kan katin bankin da aka yi rajista. Lissafin da dalar Amurka ake yi, kuma a bayyana wa Baba wannan da kyau, kada ya ji an ce dala biyar ya ɗauka irin dalarmu ce ta sefa biyar-biyar. Abinci da wurin kwana da kallon wasanni suna cikin kuɗin tafiya, amma lemon kwalba, da hoto, da intanet, da yawon da ake shiryawa a tasha, duk daban ake biya. Akwai kuma kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗorawa kowace rana a kan kowane fasinja, tsakanin dala 15 da 20, wato wajen jaka goma, wanda a mutum biyu cikin kwana 12 ya kai wajen jaka 240. Yayanku ya ɗora katunan iyayen a kan asusunsa, ya riƙa duba lissafi duk bayan kwana biyu. Wayoyinsu kuma a sa su a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin a tsakiyar teku waya tana kama layin tauraron ɗan Adam na jirgin, mai tsadar gaske.

ƳarSabonGari

Ina karanta ku tun safe, kuma akwai abu ɗaya da ban ga an ambata ba, wato abin da za su yi idan wani abu ya faru. Dokar kiyaye rayuka a teku, wadda asalinta ya biyo bayan nutsewar Titanic a 1912, ta wajabta atisayen ceto ga kowane fasinja, kuma bayan haɗarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, aka tsananta cewa a yi shi kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Da Turanci za a yi bayanin, don haka Yaya ya fassara musu da Hausa dalla-dalla, ya sa kowannensu ya gwada ɗaura rigar ceto da hannunsa. Alamar haɗari ita ce busa gajeru bakwai da doguwa ɗaya. Ya bi da su hanyar daga ɗaki zuwa wurin taruwarsu ta matakala, ba ta lif ba, sau biyu ko uku har ƙafarsu ta gane. Idan Baba ba zai iya saukar matakala da sauri ba, a rubuta sunansa cikin masu buƙatar taimako tun ranar farko. Kuma a rubuta musu lambar ɗaki da lambar hawa a ƴar takarda su riƙe a aljihu, saboda lungunan jirgi duk kamarsu ɗaya.

TsohonMaiHidima

Wannan magana ta ƳarSabonGari ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci. In ƙara da ta ranakun tasha. Kowace yamma ana saka takardar shirin gobe a ɗaki, a cikinta akwai lokacin da dole kowa ya dawo jirgi, da lambar wakilin jirgin a wannan gari. A fita da wannan takarda. Wanda ya bi yawon da jirgi ya shirya, idan motarsu ta makara ana jiransu, amma wanda ya fita da kansa ya makara, sai dai ya tarar da wurin wayam, na kuma ga hakan da idona fiye da sau ɗaya. Funshal, babban birnin Madera, a jikin tsauni yake, hawa da gangara ne, to a ɗaukar musu yawon mota. Idan jirgin zai tsaya a Tenerif, ɗaya daga tsibiran Kanari, kada a kai Baba saman dutsen Teide, wanda tsayinsa ya haura mita 3,700, domin iskar can ta yi ƙaranci ga mai shekarunsa. Kuma ba dole ne a sauka a kowace tasha ba, ranar da jama'a suka fita jirgi yakan yi shiru, dattijo ya samu kujera a baranda ya huta.

UwarBiyu

Kada a manta da kayan sanyi. Sanyin Sautamton a Nuwamba ya wuce hunturunmu nesa, ga iska ga danshi, sai an kusa Madera jiki yake sakewa. Rigar sanyi mai kauri da za ta shiga ƙarƙashin kaftani, da safa, da mayafi mai nauyi ga Inna.

ƊanBirni

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan isha'i, ya sa na maimaita masa ta Malam TsohonMaiHidima a kan riga har sau biyu, sannan ya ce a fito masa da farar shaddarsa da shuɗiyar a kai wa masu bugu. Inna ta yarda ta bar kasko, amma ta ce a tambaya mata ko za a bar ta ta shiga da goronta. Na kira Yaya, ya duba ya ga ɗakin da ya kama musu yana hawa na takwas ne can wajen goshi, ya ce zai nemi a sauya. Maganar tebur kuwa ba su daidaita ba, Baba yana son na mutum huɗu, Inna ta ce ita irin na Hajiya Zango take so.

MalamarAsibiti

Kafin a kai shadda wurin bugu, a fara kai Baba wurin likita, domin takardar da zai rubuta ita kamfanin inshora zai nema, kuma a roƙe shi ya rubuta sunayen magungunan da sunansu na asali na kimiyya, ba sunan kanti ba, yadda likitan jirgi zai gane su ko da bai jin Faransanci. Idan an samu takardar, a yi mata hoto a aika wa Yaya, a kuma ajiye kwafi ɗaya a jakar Inna.